Sabis Sai a Ƙofar Gidan Surukina

Na ga saƙonninku, na kuma ga masu cewa na yi shiru da yawa, wata ma har da tambayar ko an kai ni ɗakin miji ne ban gayyace ku ba. Ku yi haƙuri, 'yan uwa. Ba aure ne ya ɓoye ni ba. In kun ji abin da ya same ni, ku da kanku za ku ce gara da na yi shirun.

Ga sababbin zuwa, sunana Nasiha, 'yar Kwandiko ce ni ta ƙasar Gwaram. Ina shekarar ƙarshe a karatun lafiyar al'umma a wata jami'a da ke Kano, amma in kun tambaye ni launin ƙofar ajinmu, wallahi ban sani ba. Jami'ata duk tana cikin wayata mai tsagaggen gilashi. Lakca a ciki take, littattafai a ciki, malamai a ciki, har faɗan 'yan aji a guruf muke yin sa mu shirya ba tare da mun taɓa ganin juna ido da ido ba. Da ba don haka ba wa zai bar ni in je Kano in zauna a ɗakin kwanan ɗalibai? Ranar da na kawo maganar karatu ta waya, Baba cewa ya yi, "Karatun da ba zai raba yarinya da tsintsiyar gidansu ba, ai ba a hana shi."

Matsalar ɗaya ce, sabis. A gidanmu saƙon rubutu kan lallaɓo ya shigo in na rataye wayar a ƙusar da ke jikin rumbu na manta da ita. Bidiyo kuwa ko a mafarki. Don haka duk mako nakan hau mota in je gidan gwaggona a Birnin Kudu, in sauke lakcocin mako cikin waya, in dawo in riƙa sauraro ina surfe, ina wanke-wanke. Na iya darasin rigakafi a bakin turmi, na haddace cututtukan damina ina tsinke yakuwa.

A wannan zirga-zirgar na san Abdurra'uf. Ɗan garinmu ne, yana jan ɗaya daga cikin motocin mahaifinsa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Bai taɓa ce mini komai ba da farko, sai dai na lura duk inda sabis yake da ƙarfi a hanya, nan motarsa ke rage gudu, fasinjoji su yi ta mita, shi kuma ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Malama, ya gama sauka?" Ni kuwa sai in sunkuyar da kai ina murmushi cikin hijabi. Daga "ya gama sauka" aka kai ga gaisuwar iyaye, daga nan aka sa rana bayan kaka. Ina son sa, ba na jin kunyar faɗa muku.

Mahaifin nasa shi ne Alhaji Barau. Allah ya yafe mini rubuta sunan, ba zan sake ba, daga yanzu Alhaji kawai za ku ji. Gidansa yana kan tudu a gabashin gari, da ƙatuwar darbejiya a ƙofa da dakali a ƙarƙashinta. A duk faɗin Kwandiko nan ne kaɗai sabis yake tsayawa da ƙafarsa. Mai son ganin ɗansa na Legas a waya can yake zuwa, mai son aika hoton shanu ga dillali can yake zuwa, Alhaji kuma yana zaune a dakalinsa da carbi daga hantsi har la'asar, ba ya hana kowa. Kowa yana zuwa, ban da ni. Tun ranar da aka sa rana ko hanyar ban sake bi ba. In aike ya kama ni ta wajen, sai in zagaya ta bayan makarantar firamare in ratsa gonar gero, raɓa ta jiƙe mini zane. Haka ake yi, haka uwata ta yi, ban taɓa ganin abin a matsayin wahala ba.

Sai damina ta yi damina. Ruwan da aka kwana biyu ana zubawa ya tafi da kwalbatin da ke haɗa mu da babbar hanya, ya bar wani rami mai ambaliya da ko 'yan acaɓa sun sallama masa. Abdurra'uf yana can tsallake, ruwa ya rufe shi a Birnin Kudu da motarsa. Ina tsakar gida ina gasa wa ƙannena masara wayar ta yi ƙara a jikin rumbu. Saƙon Dakta Hapsatu ne, malamar da ke duba aikin bincikena.

"Nasiha, an sa miki ranar kare aikinki, Talata da hantsi, ta bidiyo. Farfesa daga wata jami'a zai shigo. Ki nemi wuri mai sabis, babu abin sauraro a kunne, kuma kyamara a kunne daga farko har ƙarshe. Kin san bara kin ɗaga, doka ba ta ba da dama sau biyu. Ki daure, 'yata."

Masarar ta ƙone a hannuna ban sani ba.

Dole in gaya muku abin da ya sa na ɗaga bara, don shi ne tushen komai. Ina da aminiya, Ma'u, tun muna tallar gyaɗa tare. Ita ce matar Dabo, yayan Abdurra'uf, a gidan Alhaji take zaune. Bara da damina naƙuda ta kama ta da safe, mijinta yana Kano da babbar mota. Kafin azahar jini ya ɓalle. Hajiyar gidan ta rasu da jimawa, ba kowa a ciki sai matan 'ya'ya da ungozoma. Motar Alhaji tana ajiye a ƙofar gida da mai a cikinta, shi yana zaune a dakali, tsakaninsa da ɗakin Ma'u bai wuce zaure da katanga ba. Amma wace ce a cikinsu za ta fita ta tsaya gaban suruki ta ce masa naƙuda, ta ce masa jini? Wannan ta tura waccan, waccan ta ce a ɗan jira ko zai tsaya, wata ta ce bari ya shigo bayan la'asar. Sai da aka kira wata tsohuwa daga maƙwabta ta fita ta faɗa masa. Ya tashi ko takalmi bai sa ba, shi ya ja motar da kansa. Ba su kai Birnin Kudu da ita da rai ba.

An ce masa abin farat ɗaya ya zo, ya yarda, ya ce Allah ya yi. Ni kuwa na kwanta ciwo na watanni, karatu ya gagara. Da na tashi na ce wa Dakta Hapsatu na canza abin da zan bincika: me ke hana mata isa asibiti a kan lokaci? Na shiga gida gida da wayata, matan suka yi mini magana don ni tasu ce. Matan gidan Alhaji ma sun gaya mini komai suna kuka, bayan na rantse musu ba mai ji a garin nan. Na canza sunaye, na rubuta da Turanci, na sa a babi na huɗu. A tunanina abin da aka rubuta da Turanci aka aika Kano ta waya ya bar Kwandiko ke nan har abada.

To ga Talata ta tunkaro. Na fara da abin da ya fi sauƙi. Na hau tsani na leƙa saman rumbu da waya a hannu, kaji suna kallona. Na je filin makaranta, na je bakin masallacin Idi, na je gonar Baba da ke jigawa har ƙaya ta yage mini siket. Ko'ina in na kira 'yar ajinmu don gwaji, fuskarta za ta bayyana rabi, ta daskare baki buɗe, sai ɗif. Na ce wa Baba ko in bi masu tsallaka mutane a kafaɗa ta ramin kwalbati, ya dube ni ya ce, "Jiya ruwan ya tafi da babur da buhun taki. Ke kin fi babur nauyi ne?" Ya ɗauki fartanyarsa.

Na samu Inna a madafi tana tuƙa tuwon dawa, hayaƙin ɗanyen itace ya sa idonta ja. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, in ta ji daɗi "'yar nan".

"Inna, wuri ɗaya ya rage."

"Ina?"

Na kama wasa da bakin mayafi.

Ta tsayar da muciya. "Ke, kina da hankali kuwa? Ƙofar gidan surukai? Ki je ki tsaya kina ɗaga murya da Turanci kamar mai shelar rigakafi, a ce 'yar wa?"

"Inna, in na rasa wannan shi ke nan, duk shekarun nan sun tafi a banza. Ko ke za ki aika a roƙe shi ya ba ni wurin na ɗan lokaci?"

"Ni? In aika gidan surukai a kan maganarki?" Ta kama haɓa. "Ai sai garin nan ya ɗauka a baki, a ce na rasa kunya, ina rawar ƙafa a kan 'yar fari."

Ta ci gaba da tuƙi da ƙarfi fiye da yadda tuwon yake buƙata. Da zan fita na ji ta ja hanci, ta ce hayaƙi ne. Na san tana so in ci jarrabawar nan fiye da yadda nake so, na kuma san ko za ta mutu ba za ta aika ba. Ban ji haushinta ba, tausayinmu mu biyun na ji.

Na koma jikin rumbu na rubuta wa Abdurra'uf. Saƙo yana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, amma yana isa.

"Yaya, kana lafiya? Ina cikin tsaka mai wuya."

"Subhanallahi. Me ya samu gimbiyar Kwandiko?"

Na zayyana masa komai.

"Kai! Da ina gida da na goya ki na tsallakar da ke."

"Ba wasa nake ba. Ka kira Alhaji ka ce ya ɗan shiga gida da hantsin Talata, in zo in yi in tafi, ba wanda zai sani."

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace.

"Nasiha, ni da bakina in ce wa Baba me? Tun da aka fara maganarmu ban taɓa ambatar sunanki a gabansa ba. Kawu na aika wancan karon, shi kuma yana Zandam, wayarsa ba ta shiga. In na kira Baba na ce matar da zan aura tana son ya tashi daga ƙofar gidansa, ki faɗa mini da wane ido zan sake kallonsa."

"To ni in yi yaya?"

"Wallahi ban sani ba. Na kasa cin abinci."

Na ajiye wayar na zauna a kan turmi. Kun ga irin ta, rijiya ta bayar, guga ya hana. Ba wanda ya ce kada in yi karatu, ba wanda ya ɗaga mini murya, kowa yana so na da alheri, kuma ba wanda zai iya buɗe baki. Da mugu ne ya tare mini hanya da na san da wanda zan yi faɗa.

Ana haka sai ga Dada, kakata ta wajen uba, ta shigo da sandarta tana faɗa da akuya. Dada ba ta jin kunyar kowa, ta girme wa kunya. Ƙawar mahaifiyar Alhaji ce, ta goya shi yana jariri, ita kaɗai ce a garin ke kiran sunansa gatsal.

"Wa ya mutu, 'yar boko? Ko angon ne ya gano ba ki iya dama fura ba?"

Na faɗa jikinta ina kuka, na ba ta labari. Ta taɓe baki.

"Wannan ne abin kuka? Yaron da na share wa majina? Ba ni mayafina."

Kafin la'asar ta dawo tana tauna goron da ya ba ta.

"An gama. Na ce masa malamanki na Kano za su yi miki tambayoyi ta waya, kina son inuwar darbejiyarsa ranar Talata. Ya ce ba komai, har ya sa miki albarka."

"Dada, kin ce masa ya shiga gida?"

"In ce wa mutum ya tashi daga ƙofar gidansa? Ke ma dai. Ai mai hankali ne, zai gane."

Na yarda da ita, don ba ni da wani abin da zan yarda da shi. Na rubuta wa Abdurra'uf cewa Allah ya kawo mafita, ya aiko mini da zukata jajaye har layi biyu.

Ranar Talata na tashi gari ya yi wasai, rana ta fito a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda Abdurra'uf ya kawo cikin kayan sa rana, sai na tuna inda za ni na cire ta da sauri, kada a ce ina tallar kaina. Na sa tsohon leshina ruwan toka, na ɗora farin hijabi har ƙasa. Kwalli kawai na sa. Na tarar da kunun gyaɗa da Inna ta ajiye a rufe a bakin ƙofata, kuma ta ba maƙwabcinmu mai sola wayata ya cika ta da caji tun asuba. Dada ta ce ita za ta raka ni. Muka bi hanyar da na daɗe ban bi ba, takarduna a ƙirji, ina maimaita gabatarwata a zuci.

Muna shan kwanar masallaci na tsaya cak.

An share ƙofar gidan tas, an yayyafa ruwa. An shimfiɗa tabarmi da darduma a ƙarƙashin darbejiya. Liman yana zaune, mai unguwa yana zaune, ga shugaban makarantar firamare, ga dattawan tasha abokan Alhaji, kowa da babbar riga kamar ranar ɗaurin aure. Ga ƙwaryar fura, ga faranti cike da goro. A tsakiya an ajiye tebur an lulluɓe shi da sabon ƙyalle, da kujerar roba guda ɗaya. Alhaji yana dakalinsa cikin farar shadda da hula zanna, fuskarsa cike da fara'a.

"Dada," na ce a hankali, "mene ne wannan?"

Ita ma ta yi turus, sannan ta ɗaga sanda. "Kai, wannan taron fa?"

Alhaji ya taso ya rusuna mata. "Inna Dada, manyan malamai za su zo ƙofar gidana in shige ɗaki in ɓuya? Ai baƙonka annabinka, ko ta waya ya zo. Kuma yarinyar nan tamu ce. Ba a taɓa yin irin wannan a garin nan ba, dole a shaida."

Dattawa suka amsa da "Haka ne, Alhaji." Dada ta juyo ta dube ni, ta sauke sandarta.

Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a gefen tabarma, kaina a ƙasa, na gaishe su da muryar da ni kaina ban ji ta ba. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa. Yana shafawa wayar ta fara ruri.

"Hau kujera mana, 'yata," in ji Alhaji.

Kujera? Liman a ƙasa, surukina a gabana, ni a sama? Na jingina wayar da ƙafar tebur, na zauna a tabarma na lanƙwashe ƙafafu, na danna. Fuskoki suka bayyana tangaran, ko gargada babu. Dakta Hapsatu da gilashinta, da wani Farfesa mai furfura a gemu yana duba takardu.

Da Turanci ya ce in juya kyamara su ga inda nake, doka ce, don a tabbatar ba mai raɗa mini amsa. Na juya. Suka ga liman, suka ga mai unguwa, suka ga fura. Farfesa ya cire gilashi.

"Su wane ne waɗannan? Ai ba a yarda kowa ya zauna kusa ba."

Kafin in haɗa kalma Alhaji ya matso ya yi sallama, ya yi musu sannu da zuwa, ya tambayi gajiya da iyali da damina, ya ce garin Kwandiko yana godiya da aka koyar da 'yarsu ba tare da an raba ta da gida ba. Farfesa ya saki fuska, ya koma Hausa, suka gaisa kamar tsofaffin abokai. Dakta ta ce tunda ba mai jin Turancin da zai taimake ni a cikinsu, a bar su. Shugaban makaranta ya ɗan gyara zama.

Aka fara. 'Yan uwa, na san aikina kamar yadda na san hanyar rijiya, amma ina magana ne da tabarma.

"Ɗaga kai, ba ma ganin fuskarki," in ji Farfesa.

Na ɗaga kaɗan.

"Ɗaga murya. Ma'aikaciyar lafiya ba ta raɗa."

Na ɗaga. Duk kalmar da ta fita sai in ji kamar na tuɓe ɗankwali a kasuwa. Amma Turanci ya zame mini mayafi, na ɓuya a bayansa. Na faɗi yadda na zaɓi gidaje, yadda na ɗauki muryoyi, abin da na samu. Na faɗi kalmomin da ko a gaban Inna ba zan iya faɗar su da Hausa ba, dattawa suna gyaɗa kai suna cewa "Masha Allah". Farfesa ya yi tambaya mai wuya a kan yawan matan da na tattauna da su, na ba shi amsa, ya ce madalla. Na ga Dakta tana murmushi. Zuciyata ta fara sauka, na ce a raina ashe zan tsira.

Sai Farfesa ya ajiye biro ya jingina da kujera.

"Aiki ya yi kyau," ya ce da Hausa. "Saura abu ɗaya, kuma shi zan fi ba maki. Kullum ina gaya wa ɗalibai, binciken da ya tsaya a jami'a bai amfani kowa ba. Yau ga masu gari Allah ya kawo mana har gaban kyamara, abin da ban taɓa samu ba. Ki juya ki yi musu bayani da Hausa. Ki fara da labarin matar nan ta babi na huɗu, don shi ya fi taɓa ni. Kada ki rage komai."

Na dubi Dakta Hapsatu. Ta gyaɗa mini kai tana ƙarfafa mini gwiwa. Ba ta sani ba. Ta karanta babin sau da yawa, ta gyara mini waƙafi da aya a cikinsa, amma ba ta san a ƙofar wane gida nake zaune ba. A takarda sunan matar daban ne, garin ma ban ambata ba. A nan kuwa ina cewa mota tana ajiye a ƙofa, suruki yana dakali, ko yaron goye ya san wa ake nufi.

Ta gefen ido na hango labulen zaure yana motsi. Ƙafafu ne a ƙarƙashinsa, masu lalle da marasa lalle. Matan gidan ne suka taru suna sauraro, waɗanda na rantse wa. In na yi magana na tona su, na kuma gaya wa dattijon nan a gaban liman da abokansa cewa yana zaune da carbi kusa da motarsa surukarsa tana zubar da jini tun azahar. In na yi shiru, makin da ya fi yawa ya tafi, kuma ba ni da wata shekarar. In na ƙirƙiro wani labari, babin yana buɗe a gaban Farfesa.

Na sunkuyar da kai. Ban motsa ba, ko ƙiftawa ban yi ba. Ina jin kukan kurciya a kan darbejiya, ina jin Dada ta daina tauna goro.

"Nasiha?" in ji Dakta. "Nasiha, kina ji na?"

"Hoton ya daskare," in ji Farfesa. "Sabis ɗinta ne ya yanke. In bai dawo ba sai mu rufe, akwai ɗalibi na gaba yana jira."

Ban san lokacin da Alhaji ya miƙe ba. Na dai ga ƙafafunsa a gabana, ya sunkuya ya ɗauki wayar daga ƙafar tebur.

"A'a, malam, kada ku rufe. A ƙasa ta ajiye ta, shi ya sa. Nan wurin na san shi, sai an ɗan ɗaga."

Ya tsaya a kaina, dattijon da ban taɓa yarda inuwata ta taɓa tasa ba, ya riƙe wayar da hannu biyu ya daidaita ta da fuskata. 

"Yauwa," in ji Dakta, "yanzu muna ganin ki sarai. Muna sauraro."

Dole ta sa na ɗaga kai, kuma don in kalli wayar sai na kalle shi. Yana yi mini murmushi, idonsa cike da alfahari.

"Yi magana, 'yata, na riƙe miki, ba zai yanke ba," ya ce. "Faɗa mana abin da ya samu baiwar Allahn nan, mu ma mu ƙaru."